Abin da Na Karanta wa 'Yan Ɗakinmu a Mesaimeer

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar ta lokacin kullen korona ba, duk da na yi iya ƙoƙarina. A unguwar Mesaimeer ta Doha muke, direbobi da masu gadi, cikin ɗaki ɗaya mai gadaje hawa biyu. Aiki ya tsaya. Ni ne limamin ɗakin, ba don na fi kowa karatu ba, sai don murya. Kafin in zo Doha tuƙin tasi, na yi shekaru ina karanta labarai a wani gidan rediyo a Kaduna. (Ko shayi zan roƙa, sai in ji kamar in fara da "jama'a masu sauraro".)

Wata fasinja ta taɓa manta littafin Turanci a motata, da hoton mai mashi da garkuwa a bangonsa. Da zaman ya ishe mu, na ce zan riƙa fassara musu shi kai tsaye. Labarin wani jarumi ne na zamanin Girkawan dā, da amininsa da suke yaƙi tare. Mutane suka kamu. Baba Issaka, dattijon Kumasi da ke gadi a Al Aziziya, yakan ce, "Kun ji maza? Ba irinku ba, da in esi ya daina sanyaya ɗaki sai kuka."

Ran nan muka kai inda suka sauka bakin kogi bayan yaƙi. Jarumin ya gaya wa amininsa cewa mace aka haife shi, shi ne ya roƙi abin bautarsu na teku ya mayar da shi namiji, domin tun yana ƙarami haka yake jin kansa. Aminin ya ce ya daɗe da sani. Sannan ya fara kwance masa sulke, kuma ba don wanka ba.

Mai hankali a nan zai yi tari ya rufe littafin. Amma abu ɗaya aka dasa mini a rediyo: muddin makirufo na kunne, ba a yin shiru. Idona yana gaba da bakina, ina ganin abin da ke tafe, bakin kuwa yana ta aikinsa. Na fassara sumbar. Na fassara inda hannu ya nufa bayanta. Da muryar labaran duniya, kowane harafi a mazauninsa.

"Malam," in ji Sani, direba ɗan Zariya, "waɗannan fa duk biyun maza ne?"

"A halin da ake ciki, eh."

(Ka ji amsa. Sai ka ce wakilinmu daga fagen daga.)

Baba Issaka ya miƙe ya ɗauki buta. "Khalas, ya isa. Mun ji."

Da magariba na nufi gaba, na tarar Sani ya riga ni hawa sallayar liman. Na yi bayani cewa ba ni na rubuta ba, ban ma duba gaba ba. Sani ya ce, "Amma ka iya faɗinsa, Malam. Ko gargada babu." Ban sake jan salla a ɗakin nan ba. Suna kuma ya bi ni: Malam Bakin Kogi.

Sani ne ya fara samuna a kicin ni kaɗai. "Wai ni, mutanen littafin nan, kashe su aka yi?" Sauran ma suka riƙa zuwa, kowa a ɓoye, kowa da "a'uzubillahi" a bakinsa kafin tambaya. Baba Issaka ya daure har lokacin gasar kofin duniya. Na ɗauko shi daga kallon wasan Ghana, muna cikin cunkoso, ya ce, "Yaron nan da aka mayar namiji. Ya rayu?"

"Ya rayu, Baba. Tare suka tsufa." (Eh, na ƙarasa littafin.)

"To," in ji shi. Da muka tsaya salla, ya leƙa ya nemo wani yaro ɗan Bangladesh ya tura shi gaba, ni na bi sahu.

Abin da na koya ke nan: kowa na son jin ƙarshen labari, amma wanda ya faɗe shi da ƙarfi shi kaɗai ake tura wa sahun baya.