Ranar da Na Hau Goran Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau goran surukina ba, kuma ko na so in manta, mutanen ƙauyensu ba za su bar ni ba. Abin ya faru ne a farkon shekarun tamanin, lokacin ina saurayi, ina ɗinki a bakin kasuwar Kura, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro allura.

Akwai yarinyar da nake nema a wani ƙauye ta wajen Bunkure, sunanta Binta. Mahaifinta, Malam Haladu, manomin alkama da tumatir ne, amma gadon gidansu kamun kifi ne, kuma shi ake jira ya ba da izini kafin kowa ya jefa koma a dam ɗin garin (dam ɗin nan da ake tara ruwan kanal don ban-ruwa nake nufi). Kawunnaina sun je tambaya, ya ce musu zai duba. Daga nan shiru kake ji. Aka kuma tsegunta mini cewa dattijon ba ya ba rago 'yarsa, kuma a wurinsa duk namijin da ke wuni a inuwa yana taka keken ɗinki sai an bincike shi da kyau.

Maganar ta tsaya mini a rai, don ina son Binta ba da wasa ba. Wata rana da la'asar ina wurinta zance, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ke kina ganina a kan keke, ba ki san ko ni waye ba. Ni fa a dam ɗin Tiga na koyi iyo. Sai in nutse ta nan in ɓullo ta can." (Tiga kuwa ta tagar mota na taɓa hango ta. Ruwan da na fi sabawa da shi shi ne na bokitin wanka.) Binta ta zaro ido tana murna, ni kuma na koma gida ina yaba wa kaina.

Ashe ta kai labari gida. Da aka rufe ruwan kanal don a yashe shi, dam ya ja baya, Malam Haladu ya sa ranar da duk gari za a shiga kamun kifi. Sai ga Sabo, yayan Binta, a shagona. Ya ce, "Tela, Baba ya ce tunda ashe kai ma ɗan ruwa ne, ka zo ranar Asabar a yi da kai."

Mai hankali da sai ya ƙirƙiro zazzaɓi. Ni sabuwar taguwa na ɗinka.

Na isa da hantsi na tarar bakin dam ya cika maƙil. Maza na cikin ruwa da koma, wasu na lalube a taɓo da hannu, mata sun yi layi a kan gaɓa da ƙorai. Masu shiga tsakiya, inda ruwan ke da zurfi, kowa da goransa: ƙaton gora ne mai baki a sama, mutum ya kwanta rub da ciki a kan bakin, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa, in ya kama kifi ya ɗaga ciki ya jefa. Doka kuwa ɗaya ce, kowa ya san ta. Kifin da ke cikin goranka naka ne, wanda ke cikin ruwa na duk wanda ya riga kai hannu ne.

Na yi ta kewaye-kewaye a bakin gaɓa, ina nannaɗe hannun riga ina warwarewa, ina ba yara shawara. Can Malam Haladu ya fito daga ruwa ya zauna a gindin wata giginya yana hutawa. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba tare da ya kalle ni sosai ba. Goransa na bakin ruwa, ya yi nauyi da karfasa, ga kuma wata tarwaɗa mai kaurin cinya wadda tun safe ake maganarta. Yayar Binta ce ta haihu a satin, tarwaɗar nan ita aka ware don a yi wa mai jego farfesu.

Sabo ya ce, "Tela, su Inna suna can tsallake da kwando. Kai musu kifin Baba mana."

Ku lura, bai ce in bi ta ruwa ba. Da na ɗauki goran nan a ka na zagaya ta gaɓa, da babu wanda zai ce uffan. Amma na hango Binta a tsallaken, ta kare rana da tafin hannu tana kallona. Sai na tsinci kaina ina tura gora cikin ruwa ina bismillah.

Da farko abin ya tafi daidai. Na kwanta kamar yadda na ga suna yi, na ɗan wuntsila ƙafa, gora ya tafi. Har na fara tunanin ko dai da gaske na iya. Ban yi nisa ba tarwaɗar nan ta motsa a ciki, ta kawo gashin bakinta ta shafi cibiyata. Wallahi ban san lokacin da na zabura na zauna a kan goran ba, na raba ƙafa kamar wanda ya hau jaki. Gora kuwa ba a zama a kansa. Ya yi wani juyi a hankali, na ga sama ta koma ƙasa, sai ji na yi tsundum.

Na sha ruwa, na sha taɓo. Na ɗago na kurma ihu, "Wayyo Allah! Jama'a ku taimake ni! Inna! Wayyo Innata, na mutu!" Ina dukan ruwa da hannu biyu, ina kalmar shahada, ina sake kiran Innata (wadda a lokacin tana Kura tana tankaɗen gari, ba ta san me ake ciki ba). Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu wanda ya taho ceto. Na ce shi ke nan, mutanen garin nan ba su da imani.

Sai na ji muryar Malam Haladu daga gindin giginya, ba gaggawa ba faɗa:

"Tela. Miƙe tsaye."

Na miƙe. Ruwan iya cinyata.

Nan take wurin ya ɓarke. Mata na riƙe ciki, wani tsoho ya zauna daɓas a taɓo saboda dariya. Goran na can yana yawo baki a ƙasa, ba ko karfasa ɗaya a ciki. Kafin in gama share taɓo daga ido, wani mutum ya ɗaga komarsa yana kabbara, ga tarwaɗar mai jego tana wutsil-wutsil a ciki, kuma bisa doka ta zama tasa. Na dubi tsallake, na ga Binta ta rufe fuska da mayafi. Ban san ko kuka take ko dariya ba, kuma ban tsaya tambaya ba.

Na daina zuwa ƙauyen. Na daina cin kifi. Na haƙura da Binta a raina, kuma ba na ɓoye muku, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ana nan sai Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi yana danne dariya. Ya ce, "Malam Haladu ya aiko. Ya ce ya ba ka."

Na ce, "Kawu, ni? Bayan abin nan?"

Ya ce, "Saboda abin nan ma. Ya ce mutumin da duk gari ya ji yana kiran uwarsa a ruwa iya cinya, ba shi da bakin da zai yi wa 'yarsa fankama har abada."

Dattijon bai yi kuskure ba. Yanzu har jikoki gare mu, amma duk ranar da na ɗaga murya a gida, Binta ba ta musu da ni. Sai ta bari na kai aya, ta ce a hankali, "Malam, miƙe tsaye mana." Nan take nake neman hulata in fita.

Abin da na koya shi ne, in dai har sai ka yi wa budurwa cika-baki, to ka fara bincika sana'ar gidansu tukuna.