Korau da Kuɗin Farautar Baƙi

Gidanmu shi ne na ƙarshe a Tungar Ƙirya, in ka wuce shi sai daji. A cikinsa akwai Inna Lantana, tsohuwa ce, idonta ya fara hazo. Akwai ni, matar babban ɗanta, da yarana ƙanana. Sai Korau, ƙanin maigidana.

Korau ƙato ne, yana saɓa buhun gero kamar ya ɗauki tabarma. Ba mahaukaci ba ne. Ba ya jifa, ba ya zagi, salla ba ta wuce shi. Matsalarsa ɗaya ce: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Kuma duk abin da ya gani a waje, in ya dawo sai ya zayyane mana shi tsaf, shi ya sa na san abin da zan faɗa.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, maharbi ne. A da barewa har bayan gidanmu take zuwa cin ganyen wake. Sai baƙi suka gano dajin, masu zuwa daga wasu jihohi da motoci da bindigogi masu baki biyu. Suka kwashe na kusa, suka kora sauran can ƙurya. Dole maigidana ya koma yin nisa. A can nesa kububuwa ta sare shi, kafin a ɗauko shi a iso gari rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar arba'in dattawa suka kai kuka wurin hukuma. Aka ninka wa baƙi kuɗin lasin farauta, ɗan gari kuwa aka bar shi yadda yake. Baƙo zai biya a ƙofar mai gari, a ba shi shaida, ya nuna ta a mashigar daji. Sai dai babu mai son tsayawa a gaban masu bindiga. Mai gari ya ce a ba Korau aikin, don tausayin gidan mamaci. Ladansa ɗan geron da mai gari ke aikowa ranar kasuwa, da kuma cinya ɗaya daga abin da aka kashe, kamar yadda maharba suka saba ba mai tsaron daji. Da wannan muke ci. In aka cire shi, ni sai gidan ubana da yarana. Inna kuwa ba ta da wani gidan uba da za ta koma.

Sarkin Baka Jatau, shugaban maharban garin, tun farko bai so ba. Amma shi ya kai Korau gindin tsamiyar da ke bakin hanya, ya gicciya gora a kan turaku, ya ce, “Duk wanda ba ɗan garin nan ba ne, kada ya wuce sai da shaida. Ka ji?”

“Na ji, Baba.”

Wata rana, ranar kasuwa ce, matan Fulani suka fito daga rugagensu da ƙoren nono a ka, don hanyarsu ta cikin dajin take. Korau ya sauke gora.

“Ku ’yan garin nan ne?”

Babbarsu ta ce, “Kai Kaɗo, yau ka fara ganinmu? Uwarka ma a wurina take sayen man shanu.”

“Ina shaida?”

“Shaidar me? Nono za mu harba?”

Suka yi dariya, suka yi zagi, suka yi roƙo. Korau ya shimfiɗa musu tabarmarsa, ya ce su zauna a inuwa, amma gora ba ta tashi ba. Haka suka wuni har kasuwa ta watse. Masu fura suka koma gida da furarsu gaya. Da yamma Sarkin Baka ya zo yana huci.

“Kai Korau, kanka ɗaya kuwa? Masu bindiga nake nufi. Mai bindiga kaɗai za ka tare.”

“Mai bindiga kaɗai, Baba.”

Wata rana, bayan an gama girbi ciyawa ta bushe, sai ga mota shaƙe da mutane da karnuka. Ga gorori, ga adduna, ga raga. Korau ya leƙa ƙarƙashin kujeru, ya ɗaga buhuna, ya shafa rigunansu. Babu bindiga ko ɗaya. Ya ɗaga gora, har ya ba su ruwa daga tulunsa. Mutanen suka zagaye wani kwari inda ragowar barewa ke fakewa, suka cinna wuta ta gefe ɗaya, suka tsaya da karnuka ta ɗaya gefen. Da la’asar suka fita ta wata hanya. Washegari maharban gari suka je suka tarar da toka, da kayan ciki, da ’ya’yan barewa waɗanda aka farke daga cikin uwayensu aka watsar, ungulu na kai. Korau ya bi su ya gani. Ya dawo gida bai taɓa tuwo ba.

Ya ce da ni, “Matar Yaya, ba su da bindiga. Na duba sosai.”

Na ce, “Na sani, Korau.”

Sarkin Baka ya tsaya a ƙofar gidanmu yana faɗa, ko sallama bai yi ba. Inna ta lalubo bango ta fito tana ba shi haƙuri. Ya ce, “Ko cinya ɗaya bai karɓa ba. Kai Korau, daga yau duk dabbar da aka fito da ita daga dajin nan, ka cire cinyarka. Ko wannan ma sai an koya maka?”

Wata rana Ilu mai itace ya fito daga daji da jakinsa, an labta masa kaya. Korau ya miƙe, ya zare wuƙa, ya wasa ta a dutse.

“Sannu da aiki, Malam Ilu. Ta dama zan cire ko ta hagu?”

“Ta dama ta me?”

“Cinya.”

Ilu ya ɗauka wasa ne, har ya ce, “To cire ta hagu, dama ita ce mai ɗingishi.” Sai da ya ji jakin ya yi wani irin kuka. Ya rungume hannun Korau, suka yi ta kokawa a ƙasa har masu wucewa suka raba su. Jakin bai mutu ba, amma bai ƙara ɗaukar kaya ba. Akuyar da na zo da ita daga gidanmu, wadda yarana ke shan nononta, ita aka ja aka ba Ilu. Korau ya raka ta har ƙofar gidansa, yana shafa mata baya.

Ranar Sarkin Baka ya je wurin mai gari ya ce a cire shi. Mai gari ya ce, “Jatau, duk abin da yaron nan ya yi, daga bakinka ya fito. Ba zan raba marayu da tuwonsu a kan haka ba. Amma in ka gani da idonka ya saɓa abin da ka ce, ka zo ka faɗa mini, ranar zai bar gindin tsamiya.” Maganar ta iso gidanmu kafin magariba. Na fara ɗaure kayana a zani, ina ɓoyewa kada Inna ta shafa ta ji.

Wata rana wani baƙo ya ga motsi a cikin gamba, ya sakar masa wuta. Ashe maraƙin Fulani ne. Aka sha fama kafin a kashe rigimar. Sarkin Baka ya kira Korau.

“Daga yau baƙon da ya biya, ka bi shi ciki. Kada ka bari ya harba sai an tabbatar abin da ke cikin ciyawa. Mutum ne, dabbar gida ce, ko ta daji.”

“Sai an tabbatar, Baba.”

Ba a daɗe ba sai ga wani Alhaji daga wata jiha mai nisa, da direbansa da bindiga mai ƙyalli. Ya biya kuɗin yana mita, ya ce ko a birni ba a yi masa irin wannan yanka ba. Korau ya bi shi. Suka yi tafiya har rana ta take, sannan suka hango jan bayan wata dabba a cikin gamba. Alhaji ya durƙusa, ya ɗora bindiga a kafaɗa. Korau ya dafa bakinta ya sunkuyar da ita ƙasa, ya gyara murya.

“Salamu alaikum. Mutum ne ko barewa?”

Barewa ta yi tsalle ɗaya ta ɓace.

Korau ya juyo da fara’a. “Barewa ce, Alhaji. An tabbatar. Harba.”

“In harbi me? Iska?”

Haka suka wuni. Duk wadda suka gani sai Korau ya yi mata sallama. Alhaji ya yi masa tayin kuɗi, ya ƙi. Ya zage shi, Korau ya ce Allah ya ba ka haƙuri. Da yamma Alhaji ya dira a gidan Sarkin Baka hannu rabbana, ya ce ko a mayar masa da kuɗinsa, ko ya kai ƙara, ko kuma a cire masa wannan mai gaida namun daji. Sarkin Baka ya lallashe shi ya kwana. Ya ce gobe ya sake shiga, ba zai ƙara ganin Korau a bakin dajin ba bayan gobe.

Washegari da sassafe Korau ya sha kunu ya fita. Inna ta ce masa, “Korau, yau ka kama bakinka.” Ya sa hannu ya kama leɓensa, sai na ce ya saki, ba haka take nufi ba. Da ya tafi na ƙarasa ɗaure kayan.

Abin da ba mu sani ba, Sarkin Baka ya riga su shiga dajin, don mai gari ya ce sai ya gani da idonsa. Tsohon maharbi ne, ya san yadda ake sanɗa. Ya yafa fatar barewa a baya yadda suke yi in za su kusanci garke, ya shiga gamba da rarrafe yana bin su daga gefe. Bai gaya wa kowa ba, har Alhajin.

Hantsi ya ɗaga, Alhaji ya hango jan baya a cikin ciyawa, kusa ƙwarai, ba ya motsi. Ya ɗaga bindiga a hankali. Ya ce da Korau ƙasa-ƙasa, “In ka buɗe baki yau, kai zan fara harbi.”

Korau ya dafa bakin bindigar.

“Salamu alaikum. Mutum ne ko barewa?”

Shiru. Abin bai gudu ba, bai amsa ba. Sarkin Baka ya lafe, don ba ya son a ce an kama shi yana laɓe.

Alhaji ya ce, “Ka gani, ba ta amsa ba. Dabba ce. Sake mini bindiga.”

“Ba a tabbatar ba, Alhaji. Barewa gudu take yi, mutum amsawa yake yi. Wannan bai yi ko ɗaya ba.”

Alhaji ya fizga, Korau ya riƙe. Alhaji ya sake fizga da ƙarfi, yatsansa na kan kunamar bindigar, sai ta tashi. Harsashin ya tone ƙasa a gabansu, ƙasar ta watsu har kan jan bayan. Korau bai saki ba. Ya ƙara ɗaga murya.

“Salamu alaikum. Mutum ne ko barewa?”

Sai aka ji tari daga cikin gamba, da wata murya kamar ta mai zazzaɓi.

“Wa alaikumus salam. Mutum ne, Korau. Mutum ne.”

Sarkin Baka ya miƙe, fatar ta zame daga bayansa. Alhaji ya saki bindigar ya zauna daɓas a ƙasa, yana ta salati.

Korau ya dubi Sarkin Baka ya ce, “Baba, ka daɗe ba ka amsa sallama ba. Ba kyau.” Sannan ya juya wurin Alhaji. “Wannan mutum ne. Tashi mu duba gaba.”

Alhaji bai duba gaba ba. Ya shiga motarsa ya tafi, ko maganar kuɗinsa bai sake yi ba.

Da la’asar Sarkin Baka ya zo gidanmu. Ya tsuguna a gaban Inna, har yanzu akwai ƙasa a gemunsa.

Inna ta ce, “Jatau, in korarsa ka zo yi, faɗa mini kawai. Na ji yarinyar nan tana ɗaure kaya, ba kurma ba ce ni.”

Ya ce, “Gaya mata ta kwance. Gobe Korau ya koma gindin tsamiya.”

Korau yana gefe yana wanke ƙafa. Ya ce, “In yi me a can, Baba?”

Sarkin Baka ya buɗe baki, ya rufe. Ya yi tunani mai tsawo, yana juya kowace magana kafin ta fito.

Can ya ce, “Abin da ka yi yau.”