Yatsu Ukun Jakada

Duk wanda ya ce manyan mutane sun ƙare a birnin Habana, to bai taɓa tsayawa a gaban babban otal ɗin nan na bakin dandali da la'asar sakaliya ba, lokacin da Don Eleuterio Zaldívar yake isowa. Da farko ƙaho mai waƙa za ka ji. Sai ka hango mota marar rufi, ruwan hoda, doguwa kamar kwalekwale, 'yar Amurka da aka ƙera tun kakanninmu suna samari. A cikinta ga mai girma nan ya harɗe, farar riga mai aljihu huɗu, malafa a karkace, da sigari mai kauri a baki wanda ba a taɓa ganin ya kunna ba, don na ado ne, kuma shi ke nan guda. Sauran masu motocin layin suna kiransa Jakada. Shi ya ɗauka girmamawa ce, su kuma ba su ga dalilin ɓata masa rai da gaskiya ba.

Sana'ar Jakada ita ce ya ɗauki baƙi da yamma, mutum biyu ko uku, motar tasu su kaɗai, ya zaga da su gari har fitilu su kama. Amma kada tsautsayi ya sa ka kira shi direba.

"Direba," in ji shi, yana goge madubi da hankici, "shi ne wanda ake gaya wa inda za shi. Ni kuwa ni nake gaya wa mutum abin da idonsa ke gani. Baƙo ya zo garin nan bai shiga motata ba, to gine-gine kawai ya gani, bai ga Habana ba."

Motar ma tana da nata asalin, kuma asali mai tsada. A faɗar Jakada, kakansa Sanata Zaldívar ne ya sayo ta sabuwa dal, ba ta taɓa sanin rufi ba tunda aka ƙera ta, kuma babu talakan da ya taɓa ɗora mazaunansa a kujerarta. Tsohuwar zuma, in ji shi, da ita ake magani. Wannan tarihi yana da kyau ƙwarai, illarsa ɗaya ce: mutanen titin Neptuno suna nan da ransu. Su sun san motar tun tana baƙa, da rufinta, tana jigilar 'yan aiki daga dandali zuwa unguwar Marianao shekara da shekaru, hayaƙi na bin ta. Sun san ranar da mai walda ya yanke mata kai, da ranar da aka dasa mata injin wata motar rabon burodi. Kakan ma sun san shi, aski yake yi, kuma ya iya. Shi kansa Jakadan, a can Teyo ne sunansa.

Tun da motar ta zama ruwan hoda, Teyo ya daina bin Neptuno. Da asuba yake fita ta lungun baya, ya dawo ta nan. Ya hana matarsa shanya a baranda, wai ba ya cikin tsarin gidan manya. Maƙwabcin da ya ce masa "Teyo, ina kwana" sai ya ga ya waiga baya, yana neman wanda ake kira.

Ana nan sai otal ɗin ya ce zai zaɓi mota guda wadda za ta riƙa fita da manyan baƙinsa kowace yamma. Wanda ya dace zai samu inuwar bakin ƙofa tasa shi kaɗai, ya huta da layi da kokawar neman baƙo a rana. Zaɓin yana hannun Señora Migdalia Arocha, mai kula da yawon baƙi, mace marar yawan magana mai tabarau a kan hanci. Sharaɗinta ɗaya ta faɗa a gaban kowa: mota mai asali take so, ba motar haya da aka shafa wa hoda ba. Jakada ya dafa ƙirji ya rantse da kabarin Sanata. Tun kafin a gwada shi ya bi layin mota-mota yana sallama da abokan sana'a, yana ba su haƙuri, yana cewa in sun ga ya daina tsayawa hira kada su ɗauka girman kai ne, matsayi ne ya zo da haka. Har gurbinsa na gaban layi ya bar wa wani, kyauta. Ma'ana, in abin bai yiwu ba, can ƙarshen layi zai koma, bayan masu keken haya.

Ranar gwaji Señora Migdalia ta zauna gaba kusa da shi. A baya aka sa wasu tsofaffin Turawa 'yan Norway, Mista Halvorsen da matarsa, sirara, fuskokinsu sun yi ja da rana, masu murmushi ga duk abin da ba su gane ba. Jakada ya danna ƙaho, ya tashi mota, ya buɗe baki. Turancinsa a finafinai ya koya, don haka duk jimlar da ya yi sai ka ji kamar wani zai zaro bindiga.

"Wannan ginin mai ƙubba da kuke gani, da gajere aka so a yi shi. Kakana ne ya kira magina ya ce, ku ƙara, ƙasar nan ba ta gajeru ba ce."

Halvorsen ya ɗauki hoto.

"Wancan mutum-mutumin kuma, ku dubi hancinsa, sannan ku dubi nawa. Ba zan ce komai ba. Mu danginmu ba ma son fariya."

Matar Halvorsen ta dubi hancin biyu ta gyaɗa kai, don tana da tarbiyya. Señora Migdalia kuwa hankalinta na kan kujera. Ta dai gyara zama, ta sake gyarawa, ta shafa kujerar da hannu kamar mai neman wani abu.

Shirin Jakada shi ne ya sauka bakin teku, ya bi titin Malecón a hankali daidai lokacin da rana ke nutsewa, inda ko bebe ne ke tuƙi baƙo zai yi kuka don daɗi. Sai dai teku ba ta san da gwajin ba. Iskar arewa ta taso, igiyar ruwa tana tsallake katanga tana wanke kwalta, ɗan sanda ya gitta babur yana juya motoci. Hanyar da ta rage zuwa unguwar Vedado, inda aka yi wa baƙin alkawarin abincin dare, ita ce wadda kowa ke bi. Jakada ya ja malafa ta rufe gira, ya karya sitiyari ya shiga Neptuno.

Lokacin tashi daga aiki ne. Gefen titi ya cika da masu jiran mota, kowa ya miƙo hannu, wannan yana nuna gaba da yatsa, wancan yana jefa babban yatsa bayan kafaɗa, kowa na faɗin unguwarsa ba tare da ya buɗe baki ba. Ba a yi nisa ba wani mai sayar da gyaɗa ya ƙwala kira.

"Teyo! Kai Teyo! Ashe kana raye?"

"Me suke cewa?" Halvorsen ya tambaya.

"Gaisuwa ce," in ji Jakada. "Tsohuwar kalma ce ta garin nan, ma'anarta ranka ya daɗe. Duk inda jinin Zaldívar ya gifta haka suke yi. Na hana su, sun ƙi."

Daga wata baranda wata mata ta leƙo. "Teyo, ɗan banza, ina rufin motar? Ka cinye?"

"Wannan kuma addu'a take yi wa kakana."

Jakada ya ga ƙaryar ta zauna daram, baƙin har suna ɗaga wa jama'a hannu, sai zuciyarsa ta dawo, ƙirji ya sake buɗewa. Danja ta tsayar da su a wata mahaɗa mai cunkoso. Nan ya ga dama ta samu ta jawabin da ya kwana yana haddacewa. Ya cire sigari, ya miƙe zaune, ya ɗaga hannun hagu sama yadda kowa zai gani.

"Abu uku garin nan ba zai taɓa iya biyan danginmu ba. Uku!"

Ya ware yatsu uku, ya riƙe su a sama, yana jiran kalmar ta shiga.

Ta kuwa shiga. A titin Neptuno, mai tsohuwar mota ya tsaya ya ɗaga yatsu uku, ko jariri ya san abin da ya ce: haya yake yi, saura gurbin mutum uku. Kafin ya ambaci abu na farko, wata nas da farin kaya ta buɗe gaba ta ce wa Señora Migdalia, "Matsa kaɗan, 'yar'uwa." Wani dattijo mai suna Nicanor ya faɗa baya rungume da fanka da ya karɓo daga wurin gyara. Ta ƙarshe ita ce Mama Fefa, tsohuwar da ta yi goyon rabin unguwar, ɗauke da kek ɗin bikin jikarta a kan kwali, ba murfi, shuɗi da fari. Ta zauna rabi a kujera rabi a cinyar Halvorsen.

"Ku fita!" Jakada ya ce da murya ƙasa-ƙasa, haƙora a cije. "Wannan mota ce ta musamman. An kama ta."

"An kama ta ka ɗaga yatsu?" in ji Mama Fefa. "Ja mu je, ɗana, kek ɗin nan narkewa yake yi. Kai, amma ka kyauta da ka cire rufin. Da can in mutum ya shiga motar nan sai ya fito yana warin kifi."

Danja ta ba da hannu. Motocin baya suka ɗora ƙaho, wata bas ta matso har tana hura masa zafi a ƙeya. Ba yadda zai yi, ya ja. Halvorsen da matarsa kuwa daɗi ya kashe su, sun ɗauka duk cikin shirin ne. Matar ta karɓi fankar Nicanor ta riƙe masa, mijin ya tallafi kwalin kek da hannu biyu kamar an ba shi amanar jariri.

Jakada ya yi ƙoƙarin ceto abin da ya saura. "Al'ada ce ta gidanmu," ya ce da Turanci, gumi na bin wuyansa. "Sau ɗaya a shekara Sanata yakan ɗauki talakawa..."

"Me yake cewa?" Mama Fefa ta tambayi nas.

"Wai kakansa sanata ne."

"Wa? Chicho mai aski?" Tsohuwa ta yi dariya har kek ya girgiza. "Allah ya ji ƙan Chicho. Shi ya yi wa mijina askin aure, ya yanke shi a kunne."

Daga nan bakin Jakada ya mutu, amma jikinsa ya farka. Sabo turken wawa. Hannun da ya yi shekaru yana wannan hanya ya kauce wa kowane rami tun kafin ido ya gan shi. Nas ta ce, "A kwanar asibiti," ƙafarsa ta taka birki daidai inda aka saba, ba tare da ta nemi izininsa ba. Gaba kaɗan Nicanor ya ce a bar shi a nan. Ya sauka, ya karɓi fankarsa, ya yi wa Baturiya godiya, ya maka ƙofa da ƙarfi, garam.

"Ƙofar!" Wata murya ta fashe daga cikin farar rigar, muryar da Neptuno ta yi kewa. "A hankali da ƙofar, tsoho! Ta gidan ubanka ce? Kullum sai na faɗa muku!"

Titi ya ɗauki shewa. Wani daga gefe ya ce, "Yawwa, yanzu na ji Teyo!" Shi kuwa bai ma ji su ba, don hannunsa na dama ya riga ya tafi bayan kafaɗa, tafi a buɗe, yatsu na motsi. Nicanor ya leƙo ya ajiye kuɗin mota a ciki. Mama Fefa ta ɗora nata. Halvorsen ya ga abin da ake yi, ya laluba aljihu shi ma, don ba ya son ya saɓa al'adar gidan Sanata.

Sai a lokacin Jakada ya ga hannun. Ya dube shi kamar na wani ne aka ba shi ajiya. Kunya ta rufe shi tun daga malafa har takalmi, kuma a gaskiya ya ba da tausayi, don mutum ne da ya yi wa kansa gini mai tsawo, ya zo ya rushe shi da hannunsa. Ya juya a hankali wajen Señora Migdalia, yana neman kalmar da zai fara da ita.

Ita kuwa ta cire tabarau tana gogewa.

"Tun daga otal nake tunanin inda na san ƙarfen nan da ke sukar mutum a kujera," ta ce. "Duk karatuna na jami'a a kansa na yi shi. Kai baƙin nan Vedado su ci abinci, Teyo. Ni a nan zan sauka."

Ya yunƙura zai zagayo ya buɗe mata, don ƙofar gaba takan cije daga ciki, ba kowa ke iya mata ba. Kafin ya sauke ƙafa ta ɗaga hannun ƙofar sama, ta doke ta da ƙugu, ta buɗe. Ta rufe a hankali, yadda ake so. Sannan ta buɗe jaka, ta kama hannunsa, ta sa masa kuɗin kujera ɗaya.

Bai ma yi wahalar neman canji ba, daidai ta ba shi.