Yadda Za A Kore Ki Daga Gyaran Esi Da Yatsunki Goma Cif

"Buɗe kwaɗon nan," in ji Oga.

Na ce, "Ba zan buɗe ba."

Daga wannan magana zuwa ranar da na dawo gida da jakar kayan aikina, ba a daɗe ba. Saboda haka, 'yar'uwa, in gyaran na'urar sanyaya ɗaki kike yi, kuma albashi ya fara gundurar ki, kin zo wurin gwana. Ki bi matakan nan. Na yi miki alkawari sai an sallame ki, kuma da yatsunki goma za ki tafi, ba wanda ya yi ko ciwon kai.

Mataki na 1: Ki yi karatun aikin

Ki je makarantar sana'a ki fito da takarda. Babu mai ɓata wa shago rai kamar wanda ya san dalilin abu. Ranar farko za su raɗa miki suna Injiniya, suna ƙunshe dariya. Ki amsa da ƙarfi. Ke kika zauna jarrabawar, ba su ba.

Mataki na 2: Ki zo da kayan kariya

Safar hannu, tabarau, takalmi mai ƙarfe a baki, da igiyar ɗaure ƙugu. Oga zai dube ki sama da ƙasa ya ce, "Duniyar wata za ki ko bene na biyu?" Ki sani shagon yana da nasa tsarin. In za a gyara injin waje, mutum ɗaya ke zura rabin jikinsa ta taga, ɗaya ya riƙe masa bel ɗin wando. Tsarin yana aiki lafiya lau, muddin wayar mai riƙon ba ta yi ƙara ba.

Mataki na 3: Ki ƙi gwada wuta da bayan hannu

Kowane shago yana da dattijonsa. Namu Baba Takwas-da-Rabi ake kiran sa, kuma lissafin yatsunsa ne. Mutumin kirki ne, zai ja ki gefe ya ce, "Ki ɗan shafa wayar da bayan hannu, 'yata. In akwai wuta, ita da kanta za ta gaya miki." Ki yi godiya, ki fito da mitarki ta gwada wuta. Kada ki tambaye shi ina ɗaya da rabin suka tafi. Abin lura dai shi ne, lantarki ba ya gaida manya.

Mataki na 4: Ki sayi kwaɗo

Nan ne jijiyar aikin. Kafin kowa ya sa hannu a inji, ki kashe babban makunni, ki rufe akwatinsa da kwaɗonki, ki rataya makullin a wuya. Za su ce, "Ai mun gaya wa maigadi kar kowa ya kunna." Maigadi kuwa ɗan Adam ne, yana zuwa bayan gida.

Ki shirya haƙuri. Za su ɓoye kwaɗon, ki sayi wani. Za su ɗaure miki kular abinci da waya su ce kariya suka yi mata. Ki kwance, ki ci abinki a gabansu, ki suɗe hannu.

Mataki na 5: Ki samu rana mai zafi da mutum mai muƙami

Ni a wani babban ofis na samu nawa. Baba yana kan rufi wajen babbar fankar injin, na kulle wutar benen, ɗakin taro kuma cike da manyan baƙi masu kwat suna ta dahuwa. Manajan ofishin ya fito yana goge wuya. Nan ne Oga ya ce in buɗe, na ce a'a.

"Ai ya gama," in ji Oga. "Na san Baba tun ba a haife ki ba."

"In na gan shi da idona zan buɗe."

Ya kira wayar Baba. Ta yi ƙara a cikin jakar kaya, kusa da ƙafata.

"To ba ni makullin, ki hau ki dubo shi."

"Da shi zan hau, ranka ya daɗe."

Manaja ya dubi Oga ya ce, "Malam, wai kai ke yi mata aiki ne?"

In kin ji wannan tambaya, ki yi murna. Aikinki ya kusa kammala.

Mataki na 6: Kada ki sa ran za a ce kin yi gaskiya

Na haye tsani, na kewaya tankin ruwa, na sami Baba a inuwa, hula a fuska, yana minshari. Tuni ya gama. Oga ne ya yi daidai. Kafin mu sauko baƙi sun watse, Manaja kuma ya ce kar ya sake ganin ƙeyar shagonmu.

Mataki na 7: Ki kwashe kayanki da kanki

Oga ya ce, "Aikinki yana da kyau, amma kanki ya fi ƙarfen kwamfiresa tauri." Kada ki yi kuka a nan. Ki bari sai kin sha kwana.

Baba ne kaɗai ya raka ni ƙofa. Ya waiga ya tabbata Oga ba ya ji, domin yana da iyali, sannan ya ɗaga hannun nan nasa ya ce, "Ranar da waɗannan suka tafi, ni ma cewa aka yi, ai ya gama."

A gida Umma ta saurari labarin duka, ta ce, "Yanzu duk karatun nan a kan kwaɗo ya ƙare?" Ta karɓe shi ta sa a akurkin kaji.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. Labarinki zai riga ki zuwa sauran shaguna, duk inda kika je a ce, "Au, ke ce mai kwaɗon?" Za ki zauna gida kina gyara wa maƙwabta fanka a biya ki da "Allah ya yi albarka". Ni har yau ba ni da aiki, ƙanena ke saya mini katin waya, kuma ba wanda ya zo ba ni haƙuri. Abin da na biya ke nan. In an sake ce mini buɗe, ba zan buɗe ba, sai dai sai na roƙi Umma ta ara mini kwaɗon tukuna.