Ranar da Muryata ta Je Neman Aure

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin wata Lahadi ba, ranar da kawunnaina suka je nema mini auren Rahinatu.

Ina da wata 'yar manhaja da nake kula da ita daga shagona a Adjamé. Da waya take kunna fitilar gida da na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira clim, kuma tana sa lasifikar falo ta yi kiran sallah in lokaci ya yi. Don neman shiga, kyauta na haɗa wa Alhaji, baban Rahinatu, a gidansa na Treichville (a lokacin gani nake babu mai wayona a duk Abidjan).

Ana jibi za a je, na zauna gyaran sashen kiran sallar. Don in gwada lasifikar shago, sai na naɗi muryata na sa a gurbin ta ladan. Gwaji ya yi kyau. Na tura sabon gyaran zuwa duk gidajen da ke amfani da manhajar, na tashi ina yaba wa kaina. Muryar kuwa na manta ban cire ba, a la'asar kaɗai na sa ta, kuma ranar Lahadi na tsara gyaran ya fara aiki.

A al'ada mai neman aure ba ya zuwa wurin, kunya ce. Ina shago ina jiran albishir sai ga kiran Kawu Sale.

"Kai, ɗan nan, mahaukaci ne kai?"

Ashe an ajiye goro, an yi shiru ana jiran amsar Alhaji, sai lasifika ta buɗe da muryata tangararan: "Gwaji, gwaji. Rahinatu, ma chérie, masoyiyata, in tsohon nan ya hana ni ke, wallahi sai na kashe masa clim har abada."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar na ce, "Kawu, me ya ce?"

"Ya daɗe yana kallon silin. Sannan ya ce, 'Ku gaya masa na ba shi. Ya bar mini clim ɗina, zafi ake yi.'"

Gida goma sha ɗaya ne suka ji wannan barazana a ranar. Yanzu 'ya'yanmu biyu, amma har gobe surukina Malam Gwaji yake kirana. Ni kuma ba na tura gyara sai na saurari kowane sauti da kunnena, kuma in zan gwada lasifika, ɗaya, biyu, uku kawai nake cewa.