Ruwan Tekun da Na Kawo wa Inna

Ba zan taɓa mantawa ba da tafiyata ta farko Kwatano, ko da yake da ana sayar da mantuwa a kasuwar Tawa da tuni na saya.

A lokacin ina aikin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a wani asibiti a Tawa, aka zaɓe mu ni da abokiyar aikina Zainabu mu je wani horo na mako guda. Ranar Alhamis za a gama, Litinin kuma ta faɗo ranar hutu, sai muka shirya mu ƙara kwana uku mu sha iskar bakin teku. Ni da tun da aka haife ni ban taɓa wuce Dosso ba, sai da na gaya wa kowa, har mai sayar mini da gawayi.

Kafin tafiya na je Kalfu sallama da mahaifiyata. Inna ta tsufa a lokacin, idonta ya fara hazo. Mahaifinmu kuwa a Kwatano ya rasu ina shekara shida. Dako yake yi a tashar jiragen ruwa, duk rani ya tafi, damina ya dawo noma, har shekarar da saƙo ya iso maimakonsa. Can aka rufe shi. Na san duk wannan, amma kamar yadda mutum ya san ranar haihuwarsa, ba ya tunawa sai an tambaye shi.

Na ce, "Inna, me zan kawo miki? Atamfa ko turare?"

Ta ce, "Ina da zane. Ruwan teku nika so, ko butali guda. Ki ɗebo da hannunki."

Na yi dariya na ce wannan ai ba tsaraba ba ce, kyauta ake samunsa. Ta ce to, tunda kyauta ne ba zai yi mini wuya ba. Ban tambaye ta dalili ba, na ɗauka maganin ƙafa za ta yi da shi.

Kwatano ta ɗauke mini hankali. Zafinta ba irin namu ba ne mai ƙona fata, nata lulluɓe mutum yake kamar jiƙaƙƙen bargo, amma ban damu ba. Juma'a muka wuni babbar kasuwa ina ɗaga atamfofi. Asabar muka je bakin teku, na ci gasasshen kifi, na sha ruwan kwakwa, na sa Zainabu ta ɗauke ni hoto ya fi hamsin (a kowanne ina kallon nesa kamar mai zurfin tunani, alhali tunanin abincin rana nake). Ruwa ya zo har idon sawuna. Akwai butali a jakata. Na ce bari sai gobe, kar ya jiƙa mini kaya. Lahadi muka koma, na ce sai za mu tafi. Da za mu tafi kuma hadari ya taso, muka ruga neman kabu-kabu.

Sai da motarmu ta ƙetare gadar Gaya, na ga ruwan kogi, sannan na tuna butalin Inna yana jakata babu ko ɗigo.

Mai hankali zai je ya ce, "Inna, na manta, ki gafarce ni." Ni kuwa na tuna ni ma'aikaciyar labo ce. Ruwan teku mene ne in ba ruwa da gishiri ba? Da safen da zan tafi Kalfu na shiga madafata a Tawa, na cika butali da ruwan famfo, na jawo gwangwanin gishiri, na auna cokali-cokali kamar mai haɗa magani. Har rairayi na ɗebo a ƙofar gida na zuba ɗan kaɗan don ya kwanta a ƙasa. Na girgiza, na ɗaga a rana, na yaba wa kaina. Abu guda ne ban yi ba: ban ɗanɗana ba. Na kuma manta cewa ni da kaina na saba garwaya gishirina da farin magi don sauƙin miya.

Na tarar da tsakar gidanmu cike. Labari ya bazu ɗiyar Inna ta dawo daga bakin teku, maƙwabta sun zo ganin tsaraba. Ga kuma Baffa Illa, ƙanen mahaifina, wanda suka yi shekaru tare a Kwatano, kuma shi ya sa shi a kabari. Da na gan shi na so in juya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Na miƙa wa Inna butalin da hannu biyu. Ban tsaya nan ba, sai da na ƙara da labari: yadda na kutsa har gwiwa, yadda igiyar ruwa ta kusa kayar da ni. Mata suna ta "sannu, sannu". Inna ta rungume butalin a ƙirji.

Baffa Illa ya ce, "Miƙo in gaisa da tsohuwar abokiyata. Shekara ashirin rabona da ita."

Ya buɗe ya shinshina. Ya zuba kaɗan a tafin hannu ya lasa. Ya sake lasa. Sannan ya dube ni, ba da mugunta ba, shi dai mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa.

"Lallai duniya ta ci gaba. A zamaninmu ba a sa ma teku magi."

Wata ta karɓa ta lasa, ta miƙa wa ta kusa da ita. Dariya ta fara daga gefen rumbu ta zagaye gidan. Wata ta ce saura daddawa da kuka a tuƙa tuwo. Ni ina tsaye cikin sabuwar atamfata ta Kwatano, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Inna ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta miƙa hannu ta ce, "Ku ba ni abina. Ɗiyata ta kawo mini." Ta rufe butalin, ta tashi da kyar ta shige ɗaki. Dariyar ta mutu nan take, mutane suka fara neman takalmansu.

Na daɗe kafin na bi ta. Na same ta zaune bakin gado. Na durƙusa na ce, "Inna, mantawa na yi. Na ji kunyar faɗi."

Ta ce, "Na sani tun kan Illa shi buɗe. Babanku ya taɓa kawo mini, shekarar da munka yi aure. Ƙarninshi ko ta bayan marfi ana ji." Ta shafa butalin. "Illa ya ce maƙabartar ba ta da nisa da ruwa, in an yi tsit har ƙugin teku ana ji. Ban ga gawatai ba, ban ga kabari ba. Cewa na yi ko ruwan da ke kusa da shi in taɓa."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na rantse zan koma, ko a wata mai zuwa. Ta shafa kaina ta ce, "Bari kuka. Teku ba ta gudu."

Gaskiya ta faɗa, teku ba ta gudu ba. Wata mai zuwa aiki ya yi yawa, na bayansa azumi ya kama, sai kuma damina. Inna ta rasu kafin a yanke gero.

Bayan shekara biyu aka sake aika ni Kwatano. Ina ajiye jaka na nufi bakin ruwa ni kaɗai, na tattare zane, na sunkuya na cika butali. Na duba agogo don in hukunta kaina: bai kai minti guda ba. Na tsaya da shi a hannu ina tunanin wa zan kai wa, daga baya na juye shi inda na ɗebo.

Tun daga nan, in tsoho ya aike ni, aikensa nake fara yi kafin in kwance kaya, kuma nakan tambayi dalili. Wanda kuma ya ga lallai sai ya yi wa uwarsa ƙarya, shawarata gare shi ɗaya ce: ya ɗanɗana tukuna.