Ranar da Na Kashe Alhaji Ɗanlami da Turanci

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanwar abokina Sabi'u ba, ko na so in manta ma mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Tsanyawa, kuma Turanci nake koyarwa. (Wannan shi ya ƙara wa abin muni.)

Daga Kano abin ya faro. An tura mu bitar malamai, na zauna kusa da wani malami ɗan Gezawa. Muna hira na tambayi lafiyar mahaifinsa, sai ya ce mini, "My father is late." Ni kuwa abin da na sani, wanda kuma nake koya wa yara, shi ne late makara ce. Na ɗauka tsohon ne zai zo ɗaukarsa, na ce kada ya damu, cunkoson hanya ne, yanzu zai gan shi. Bawan Allah ya dube ni ya ce ai mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, ya yi mini bayani cewa da kalmar ake cewa marigayi. Na ba shi haƙuri, na ƙudurta a raina wannan kalma ba za ta sake kunyata ni ba. Na dawo gida ina ta koya wa kowa sabuwar ma'anar, har wanda bai tambaya ba.

Bayan an gama girbi aka sa ranar auren. Ranar, da hantsi an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Liman ya zauna, dangin ango sun iso, ga dabino da alawa a faranti. Mutum ɗaya ake jira, waliyyin amarya, Alhaji Ɗanlami, yayan mahaifinta. Hatsi yake sayarwa, yana zaune a unguwar Bacirawa cikin Kano, kuma kowa ya san yana fama da hawan jini, kwanakin baya ma sai da aka kwantar da shi a asibiti.

Ina cikin nuna wa baƙi wurin zama saƙo ya shigo wayata daga 'yarsa Bilkisu, wadda ke makarantar koyon jinya. Ta nemi Sabi'u bai ɗauka ba, shi ne ta rubuto mini: "Baba is late. Please tell them."

Na kira ta, waya a kashe. Na kira Alhaji, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na haɗa hawan jini da wayar da ba a ɗauka da darasin da na koyo a Kano, na ga magana ta ƙare. Na je na durƙusa gaban Liman, na yi ƙasa da murya na ce Allah ya yi wa Alhaji Ɗanlami rasuwa.

"Malam, ka tabbata?" in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, a rubuce 'yarsa ta aiko, da Turanci."

(Yadda na faɗi "da Turanci" ɗin nan sai ka ce takarda ce mai hatimi.)

Liman ya yi salati ya sanar. Kafin a ce me, labari ya shiga cikin gida, kuka ya ɓarke. Masu girki suka janye itace daga ƙarƙashin tukwane. Inna, mahaifiyar Alhaji, tsohuwa ce tukuf, ba ta yi kuka ba, zama kawai ta yi a dandariyar ƙasa tana kiran sunansa. Amarya na ɗaki da lallenta tana rusa nata. Dangin ango suka koma gefe suna shawarar a ɗage aure, Sabi'u kuwa ya tafi neman motar da za ta kai mu Bacirawa jana'iza. Akwai wani Malam Audu da suka daɗe suna rigimar iyakar gona da Alhaji, shi ya fi kowa hawaye, yana ta faɗa wa jama'a su shaida ya yafe masa duniya da lahira.

Ni fa? Ina tsaye ina yi wa wasu dattawa bayani cewa kalmar ma'ana biyu gare ta, makara da mutuwa, sai wanda ya yi zurfi a Turanci ke iya rarrabewa. Da bakina na faɗi "makara", amma ko kaɗan ban tsaya na saurari kaina ba.

Ina cikin wannan bayani wani ɗan acaɓa ya tsaya a bakin tabarmi. Alhaji Ɗanlami ya sauko da farar babbar riga, da ledar goro a hannu. Kowa ya zura masa ido. Ya fara ba da haƙuri, ya ce tayar motarsu ce ta fashe bayan sun wuce Bichi, shi ya sa ya kira Bilkisu ta sanar zai makara, wayarsa kuma na aljihu bai ji ta ba. Sai ya lura da idanun mutane, ya ji kukan cikin gida.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

Liman dai ya juyo ya dube ni, sauran jama'a suka bi shi da kallo. Da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na shige har da takalmina.

Alhaji ya wuce cikin gida wajen mahaifiyarsa. An ce sai da ta shafa fuskarsa da hannu biyu sannan ta fashe da kuka. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai, domin ba abin dariya ba ne, da tsohuwar ta faɗi ban san inda zan sa kaina ba. Da ya fito ya zauna, ya sa na maimaita abin da ya faru a gaban kowa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malam, a Turancin naku ba a tambaya ne kafin a binne mutum?"

Aka yi dariya, har da masu hawaye. Wani ya gaya masa Malam Audu ya yafe masa, Alhaji ya ce ya gode, ashe maganar gona ta wuce. Malam Audu ya share fuska ya ce a'a, waccan yafiya ta mamaci ce. Aka mayar da itace, aka ɗaura aure. Ni ko shinkafar ban iya tsayawa ci ba.

Da la'asar Bilkisu ta kira, ashe caji ne ya ƙare mata. Labari ya riga ya kai mata. Na so in kare kaina, na ce ai ana cewa late a nufi marigayi. Ta ce haka ne, amma asalinsa gaban suna ake sa shi, the late wane, duk da mu nan mun saba faɗinsa yadda muka ga dama. Sannan ta ce, "Amma Malam, fisabilillahi, a ce Baba ya rasu, kana ganin zan tsaya haɗa Turanci? Ai kuka za ka ji."

Yanzu idan na zo kan kalmar a aji, ina koya wa yara ma'anonin biyu da inda ake sa kowacce. Sai in ƙara musu abin da ba ya cikin ƙamus: duk ranar da aka ce maka wani is late, kada ka buɗe baki sai ka sami wanda zai maimaita maka da Hausa.